Daga Herzogstand zuwa Heimgarten: littafin shirin tafiyarmu da sababbin masu hawa dutse

Asabar, 3 ga Mayu

Mun tsayar da magana bayan La'asar. Idan Allah ya yarda, kafin zafin bana ya wuce za mu bi doron dutsen da ya haɗa Herzogstand da Heimgarten, a bakin tsaunukan Alps na kudancin Bavariya, a ƙasar Jamus. Mutum tara suka ba da suna: ɗalibai biyar, ma'aikaciyar jinya ɗaya, wani magidanci ɗan Damagaram, sai Hajiya da 'yarta. Babu wanda ya taɓa taka irin wannan hanya a cikinsu. Ni ne na goma, kuma ni zan ja gaba.

Herzogstand mita 1,731 ne, Heimgarten kuma ya ɗara shi da kamar mita 60. Ta kudu tafkin Walchensee ne, ta arewa tafkin Kochelsee, doron kuma ya ratsa tsakaninsu, siriri, wani wurin faɗinsa bai wuce na mutum ɗaya ba. An kafa igiyar ƙarfe a wuraren da suka fi tsanani. A allunan hanya na nan, shuɗin ɗigo na nufin hanya mai sauƙi, ja matsakaiciya, baƙi kuma mai wuya wadda faɗuwa a kanta kan iya zama ajali. Doron nan baƙi ne. Na faɗa musu haka tun yau, ban sassauta ba.

Wani ɗalibi da ya tashi a Jos ya ce shi tsaunukan Shere ya saba hawa, kuma sun fi wannan tsawo. Gaskiyarsa ce, Shere ya kai mita 1,829. Na ce masa tsawon bai dame ni ba, don a wannan bisa iska ba ta yi wa mai lafiya ƙaranci. Abin da ke gabanmu shi ne ƙafa ta tsaya daidai alhali ido yana ganin rami hagu da dama.

Kowa zai zuba euro 15 a asusun kayan haɗaka.

Asabar, 10 ga Mayu

Atisayen farko a tudun Olympiaberg cikin Munik. Hawa da sauka, da jaka mai kilo biyar a baya. Kowa ya zo. Mutum shida da kambas suka zo, Hajiya kuma da takalmi mai sulɓin ƙasa.

Laraba, 14 ga Mayu

Daren jiya na zauna da taswira. Masu hawa dutse a Jamus suna da lissafin da suke bi: a awa ɗaya mutum yana hawa mita 300, ko ya sauka mita 500, ko ya ci kilomita 4 a shimfiɗe. Sai ka fitar da lokacin hawa da sauka daban, na nisa daban, ka raba ƙaramin gida biyu ka ɗora rabin a kan babban. Ba a sa hutu a ciki ba, kuma don waɗanda suka saba aka yi shi. Ga mutanena na ƙara kashi ɗaya cikin uku.

Hanya biyu ce. Ko mu hau Heimgarten da ƙafa daga bakin tafki, mu bi doron, mu sauko da motar igiya ta Herzogstand, wadda ke rataye a igiyar ƙarfe tana kai mutane saman dutsen tana sauko da su, ko kuwa mu juya ta. Ma'aikaciyar jinyar ta fi son ta farko saboda gwiwa, don sauka ce ke cin gwiwa, kuma ta biyun tana da gangaren kusan mita 1,000. Hujjarta mai ƙarfi ce. Duk da haka na zaɓi ta biyu. Idan muka hau da ƙafa, sai wajen azahar za mu isa doron, da ƙafafu masu rawa, da goruna da suka yi rabi, daidai lokacin da hadari kan taso a duwatsun nan. Na gwammace su shiga wuri mafi haɗari da safe, jikinsu da sauran ƙarfi. Ciwon gwiwa kuwa yakan warke cikin mako.

Motar igiyar tana fara aiki ƙarfe 9. Ke nan jirgin ƙasa na sassafe daga Munik zuwa garin Kochel, awa ɗaya da 'yan mintoci, sannan bas ta haye Kesselberg, mashigar da ke tsakanin tafkunan biyu, ta ajiye mu a Walchensee.

Asabar, 17 ga Mayu

Olympiaberg kuma. Mutum biyu suna wurin aiki. Babu wani abin rubutawa.

Asabar, 24 ga Mayu

Ranar takalma. Na raka huɗu kanti da yamma, don ƙafa takan ɗan kumbura bayan wuni, kuma gara a gwada takalmi a lokacin. Sharaɗina uku: ƙasansa ya zama mai haƙora, ya riƙe idon sawu, yatsa kuma kada ya taɓa gaba idan an tsaya a gangare. Mafi arha euro 65, mafi tsada euro 110. Ɗalibai biyu sun samo na hannu a intanet kan euro 30 da 35, na duba ƙasansu bai cinye ba. Na ce kowa ya riƙa zuwa makaranta ko wurin aiki da nasa har ya saba da ƙafa.

Mun kuma taɓa maganar sutura da matan. Dogon hijabi da abaya kan kama a igiyar ƙarfe, iska kuma kan cika su, sannan suna rufe wa mutum inda zai sa ƙafa. 'Yar Hajiya ce ta kawo mafita: wando mai faɗi, riga zuwa gwiwa, da ɗan ƙaramin hijabi da ake cusawa cikin wuyan riga. Dogon ya zauna a jaka don sallah. Hajiya ta amince ba tare da ja-in-ja ba.

Asabar, 31 ga Mayu

Gwajin gaske a Jochberg, mita 1,565, maƙwabcin Herzogstand ta gabas. Hawan kamar mita 700 ne daga Kesselberg, mafi yawansa cikin daji. Yau ta nuna mana inda muke.

Na aika saƙo tun Alhamis cewa kowa ya zo da ruwa lita biyu. A tashar bas na tambaya, kowa ya ce yana da shi. Bayan awa ɗaya da rabi muna hawa, na lura ɗan Jos ya yi shiru, leɓensa ya bushe, ya koma baya. Ashe gora ɗaya ta rabin lita ya zo da ita, da kwalbar lemo, don ya ga jakar ta yi nauyi. Ya shanye su tun tuni, bai gaya wa kowa ba. Wasu biyu ma lita ɗaya ɗaya suka ɗauko. Muka raba abin da ke hannunmu, muka ci gaba.

Daf da ƙololuwa hanyar tana fita daga daji, ta arewa kuma dutsen ya yanke tsaye har Kochelsee. Nan ɗaya daga cikin ɗaliban mata ta durƙusa, ta riƙe ciyawa da hannu biyu, ta kasa gaba ta kasa baya. Ba ta yi kuka ba, jikinta ne kawai ke ɓari. Ma'aikaciyar jinyar ta zauna tsakaninta da ramin, ta ce, "Ƙanwata, kalli takalmina, kada ki kalli komai sai shi." A haka aka jawo ta baya taki ɗaya ɗaya. Daga baya ta ce mini, "Yaya, tun ina yarinya ko benen gidanmu ba na leƙawa." Na ce me ya hana ki faɗa? Ta ce kunya ta ji, kowa ya ce zai iya.

Wajen sauka kuma, muna gaba, ɗan Jos ya tsaya a wata 'yar ƙorama da ke ƙasan makiyaya ya cika cikinsa. Ruwan garau, sanyi ƙalau. Sai da ya iso mu ya faɗa.

Na dawo gida raina a jagule. Ƙarfi suna da shi, duka sun hau sun sauko. Abin da ya tsorata ni shi ne mutum uku sun ga matsala tana zuwa, suka yi shiru don kara. Tarbiyyarmu ce, kuma a cikin gari ado ce: ba ka cewa ka gaji gaban babba, ba ka roƙon ruwan wani. A kan doron Heimgarten wannan shirun zai iya kashe mutum.

Talata, 3 ga Yuni

Ɗan Jos yana kwance da gudawa da murɗar ciki tun jiya. Ya je wurin likita, an ce ya yi ta shan ruwan gishiri da sukari. Yana samun sauƙi.

Na rubuta wa kowa dogon saƙo kan ruwa. Duwatsun nan na farar ƙasa ne masu tsage-tsage, ruwan sama yana zurarewa ciki ya ɓullo can ƙasa, shi ya sa babu marmaro ko ɗaya a kan doron. Inda ruwa ya fito kuwa, galibi akwai shanu a samansa, kashinsu kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, komai kyan ruwan. Komin da aka kafa wa dabbobi ba na mutane ba ne. Duk famfon da aka rubuta wa "Kein Trinkwasser" ba na sha ba ne. Akwai 'yar bukkar sayar da abinci da abin sha ƙasa kaɗan da ƙololuwar Heimgarten, amma tana ƙarshen doron ne, kuma ba zan ɗora ran mutum goma a kan cewa za mu tarar da ita a buɗe ba.

Don haka lita uku kowa, daga gida. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, na san nauyi ne, amma mai hawa cikin zafi yana iya zubar da gumin rabin lita zuwa lita guda a awa. Ba sai an sayi na kwalba ba. Ruwan famfon Munik daga kwarin Mangfall da na Loisach ake jawo shi, daga gindin waɗannan duwatsun, kuma mai kyau ne.

Na yi odar matatar ruwa ta hannu, euro 42, mai ramukan da ke tare bakteriya da ƙananan halittun da ke kawo gudawa. Na bar maganar ƙwayar kulorin: sai an jira rabin awa, kuma akwai cutar da ke cikin kashin maruƙa wadda kulorin ba ya kashewa da kyau. Matatar ma ta ko-ta-kwana ce, don gangaren ƙarshe.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya Babbar Sallah. Yau mun haɗu gidan Hajiya cin nama, babu atisaye. Ɗan Damagaram ya ta da tambaya mai muhimmanci: Azahar za ta riske mu a sama, alwala fa, a cikin lita ukun? Na ce a'a, lita ukun na ciki ne. Mun tambayi limamin masallacinmu ta waya. Ya ce wanda ya iya riƙe alwalarsa ta safe ya riƙe, ya tuna mana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu ɗaya yake alwala, kuma idan ana tsoron ƙishirwa taimama ta halatta. Muka yanke kowa ya ƙara 'yar gora ta rabin lita.

Hajiya ta yi alkawarin dambun nama na guzuri. Za a haɗa da dabino da gyaɗa mai gishiri, don gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Na bi doron da wani abokin aikina Bajamushe, tsohon ɗan ƙungiyar masu hawa dutse ta DAV, wadda aka kafa a Munik a 1869. Na je ne in kalli hanyar da idon wanda bai taɓa ganinta ba.

Daga inda motar igiya ke ajiye mutane zuwa ƙololuwar Herzogstand hanya ce mai faɗi, ana wuce masaukin Herzogstandhaus, har yara suna binta. Sarki Ludwig na biyu yana son wurin nan ƙwarai, ya gina gidan hutawa a nan. A sama akwai rumfa, kuma daga gefenta doron ya fara da gangara mai tsakuwa. Wuraren igiya ba su da tsawo, kuma dutsen yana da wurin riƙo. Abin da ya fi damuna biyu ne. Ƙafafun mutane sun goge dutsen har ya yi santsi, ko yayyafi aka yi zai zama wani abu dabam. Sannan ranar Asabar mutane suna zuwa ta fuska biyu, dole a yi ta kaucewa juna a wuri matsattse. Sabon shiga yakan matsa gefen rami don ya ba wani hanya, saboda ladabi. Zan koya musu su tsaya ta jikin dutse, su riƙe igiya, mai zuwa ya san yadda zai wuce.

Abokina ya yarda zai zo ya tsare mana baya. Hankalina ya kwanta sosai da wannan.

Laraba, 18 ga Yuni

Na kira kowa shi kaɗai a waya, don a taro babu mai faɗin gaskiyar jikinsa. Na fara da cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tambayoyin: akwai ciwon da kake shan magani a kansa, jiri yana ɗibarka a bisa, gwiwa fa?

Wani ɗalibi ya ce yana da asma, ya ɓoye ne don kada a cire shi. Ba a cire shi ba. Zai ga likitansa, abin shaƙarsa kuma zai zauna a aljihun gaba, ma'aikaciyar jinya ta san inda yake. Ɗalibar Jochberg da kanta ta ce za ta tsaya a rumfa.

Ta Hajiya ce ta yi mini nauyi. Ita ta fi kowa zuwa atisaye, amma na ga yadda take saukowa a Jochberg, tana jan ƙafar hagu. Na ce, "Hajiya, doron ba zai gagare ki ba, gangaren bayansa nake ji miki." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ai na sani. Jira nake ka faɗa, don kada yaran su ce na karaya." Za ta hau Herzogstand tare da mu, ta dawo da motar igiya.

Asabar, 21 ga Yuni

Darasin ko-ta-kwana a lambun kusa da gidana. Lambar gaggawa 112, kuma tana shiga ta kowane layin da waya ta samu. Abin da za a faɗa: ina ne, me ya faru, mutum nawa, wane irin rauni, sannan kada a kashe waya sai sun sallame ka. Idan babu sabis, alamar neman agaji a Alps ita ce busa usur ko haska tocila sau shida a minti ɗaya, a huta minti ɗaya, a sake. Amsa sau uku ce a minti. Mun yi ta gwadawa har kowa ya riƙe.

Na yi bayanin tsawa. Daga walƙiya zuwa ƙara, kowane daƙiƙa uku kilomita ɗaya ne, idan bai kai daƙiƙa 30 ba hadarin ya matso. Doro da igiyar ƙarfe su ne wuri mafi muni da aradu za ta samu mutum. Rigar ruwa da rigar sanyi dole ne ko gari ya yi zafi, don sama ta fi bakin tafki sanyi da kamar digiri 6, ban da iska. Shanu masu maruƙa a kewaye su daga nesa. A duba jiki da dare saboda kaska.

Na kuma gaya musu cewa inshorar lafiya takan biya ceto ne idan akwai rauni ko ciwo. Wanda aka ɗauko lafiya lau don ya maƙale, kuɗin kan iya dawowa kansa. Mutum uku sun ce za su shiga DAV saboda inshorarta.

Dokoki biyu na kafa. Duk rabin awa za a tsaya, kowa ya sha, ya ɗaga gorarsa a gani, babba da yaro. Kuma idan ƙarfe 11 ta yi ba mu shiga doron ba, an fasa.

Juma'a, 27 ga Yuni

An ɗage tafiyar gobe. Hasashen yanayi ya nuna yiwuwar tsawa tun daga tsakar rana. Ɗan Jos ya kira ni ransa a ɓace, ya ce ya musanya ranar aikinsa, kuma sama garau take. Ya ce, "Yaya, in Allah ya ƙaddara babu abin da zai same mu." Na ce haka ne, kuma Allah ne ya ba mu ilimin ganin hadari tun yana nesa. Bai ji daɗi ba. Na fahimce shi, ranar aiki guda ba ƙaramin abu ba ce ga ɗalibi. Sabuwar rana 12 ga Yuli.

Asabar, 5 ga Yuli

Olympiaberg da cikakkiyar jaka, ruwa lita uku da rabi. Biyu sun gano jakarsu tana cin kafaɗa, za su aro wata.

Asabar, 12 ga Yuli

Alhamdu lillahi, mun je mun dawo.

A tashar jirgi kowa ya buɗe jakarsa na ƙirga goruna da idona. Ƙarfe 10 da kwata muna rumfar Herzogstand, ana hango Zugspitze, dutse mafi tsawo a Jamus. Muka yi sallama da Hajiya da ɗalibar. Ni a gaba, ma'aikaciyar jinya a tsakiya, Bajamushen a baya, tazarar taki uku tsakanin kowa.

A igiya ta farko ɗan Damagaram ya tsaya. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Malam, ƙafata tana rawa, ni zan koma." Magidanci ne, ya girme ni, gaban ɗalibai ya faɗi haka. Abokina ya raka shi har rumfa ya dawo, mu kuma muka jira a wuri mai faɗi. Duk tafiyar nan babu abin da ya faranta mini rai kamar wannan maganar tasa. Bayanta bakin kowa ya buɗe: wannan ta ce a dakata ta ɗaure takalmi, wancan ya ce a rage sauri.

Doron ya ci mana awa biyu da minti 40. Mai asma ya shaƙi maganinsa sau ɗaya a hawan ƙarshe. Mun yi Azahar a kan ciyawa ƙasa da ƙololuwar Heimgarten, biyu suka sake alwala da ƙananan gorunansu. Yawanci sun iso da kamar lita ɗaya da rabi.

Gangaren ne ya gasa mu, kamar yadda ma'aikaciyar jinyar ta faɗa tun watan Mayu. Yana fuskantar kudu, rana ta buɗe, ya ɗauke mu fiye da awa uku. Ruwan mutum biyu ya ƙare saura kamar awa ɗaya, suka faɗa nan take, muka tace daga wata ƙorama a cikin daji. 'Yar Hajiya ta yi bororo a diddige biyu, aka manna mata filasta. Hajiya da mutanenta suna bakin tafki suna jiranmu da sauran dambu.

Talata, 15 ga Yuli

Babu wanda cikinsa ya ɓaci. Gwiwoyi suna ciwo, bororon yana warkewa.

Asusu: an tara euro 150. Matata 42, bargunan gaggawa 20, usur 20, filasta da bandeji 24, garin gishiri da sukari 12, taswira 10. Saura euro 22, suna hannun ma'aikaciyar jinya. Kuɗin jirgi da motar igiya kowa ya biya nasa.

Abin da zan sauya: sandunan tafiya ga kowa saboda gangare, kuma a tanadi lita ɗaya da ba za a taɓa ba sai an bar Heimgarten. Ɗan Damagaram yana so ya sake gwadawa a Satumba, lokacin da tsawa ta ragu. Kafin nan zan kai shi hanyoyi masu jan ɗigo da ke da 'yar igiya, kuma ranar aiki za mu zaɓa don doron ya rage cunkoso. Ɗalibar ta ce ita hanyoyin daji take so, ta tambaya ko za a kai ta Heimgarten ta garin Ohlstadt, inda babu doro. Zan duba taswira a ƙarshen mako.